Daga ɗan doka zuwa ɗan sandan jiha: wa zai riƙe kulkin?

Ranar nan bayan la'asar muna zaune ƙofar gida a Jekadafari cikin garin Gombe, rediyo na ta maganar 'yan sandan jihohi, wani ɗan majalisa na ta zuba kamar shi ya ƙirƙiro abin jiya da daddare, sai Bappana ya miƙa hannu ya rage muryar rediyon ya ce "wai ɗan doka za su dawo mana da shi?" Yaran da ke wurin suka kwashe da dariya, don su a wurinsu ɗan doka da ɗan sanda duk ɗaya ne, sunan tsofaffi ne kawai. Bappa bai yi dariya ba. Ya haura tamanin, ya ga zamanin En'e da idonsa. Ya ce min "kai ɗan nan, ku da kuka yi boko ku je ku duba abin da ya sa aka binne ta kafin ku tono ta." To na je na duba ɗin, kuma ni dama ina cikin masu son a ba jihohi 'yan sanda, har yanzu ina nan kan bakana, amma gaskiya ba irin son ido rufe da nake yi da ba.

Ɗan doka daban, ɗan sanda daban. Tun kafin Bature ya zo sarakunanmu na da dogarai, su ke tsaron fada, su ke kamo mai laifi, su ke zartar da abin da alƙali ya yanke. Da Turawa suka ci Bauchi a 1902, suka gama da Sarkin Musulmi Attahiru a Bormi nan ƙasar Gombe a 1903, ba su rushe dogarai ba, ina ma za su samu mutanen da za su maye gurbinsu su da ake ƙirga su da yatsu a lardi guda. Sai suka jingina komai a kan sarki, dokar En'e ta 1916 ta ɗora wa hukumomin gargajiya alhakin tsare doka da oda, daga baya cikin shekarun 1920 aka fara ware wasu ana musu fareti da horo, aka sa musu kaki aka ba su kulki, su ne 'yan doka. Shugabansu shi ne Wakilin Doka, kuma ba ƙaramar kujera ba ce, marigayi Ado Bayero ya riƙe ta a Kano kafin ya hau gadon sarauta a 1963. Su kuma Turawa na da nasu 'yan sandan na gwamnati, na Arewa daban na Kudu daban, sai a 1930 aka haɗe su suka zama rundunar 'yan sandan Najeriya. Kusan shekara 40 ke nan ƙasar nan ta yi tana tafiya da kaki iri biyu, na gwamnati da na En'e. Duk wanda ya ce maka abin nan baƙo ne da za a kwaso daga Amurka, bai tambayi kakansa ba.

Na ce Bappa to me ya ɓata su? Abin mamaki da yabo ya fara. Ya ce ɗan doka ya san gari kamar yunwar cikinsa, in aka saci akuya da daddare kafin azahar ya san ƙofar da zai je ya tsaya, don ya san ɓarayin, ya san iyayensu, ya san mahaucin da ke sayen kayan dare, baƙo kuwa ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba. Sannan ya numfasa ya ce amma fa lokacin haraji in ka hango su ka nemi ta inda za ka tsallake danga. Ya ba ni labarin wani tela a garin da ya tashi, mutumin kirki, laifinsa kawai ya yanki katin jam'iyyar adawa ta NEPU kuma ana hira a shagonsa da daddare. Ranar da aka tashi kama shi ba wanda ya ambaci siyasa, cewa aka yi ya yi taro ba izini kuma ya yi wa manya rashin kunya. Ɗan dokan da ya kama shi na En'e ne, alƙalin da ya yi shari'ar En'e ke biyansa, lauya kuma ba ya shiga kotun alƙali, gidan yarin da aka kai shi na En'e ne, izinin da aka ce bai nema ba ma wurin En'e ake nemansa. Wata shida. Da ya fito ko keken ɗinkin bai tarar ba, iyali sun sayar sun ci abinci.

Ba sai an dogara da bakin Bappana ba, tarihi na nan. Tun da aka kafa NEPU a 1950 magoya bayanta ke shan kulki da ɗauri, Hajiya Gambo Sawaba kaɗai shigarta kurkuku ya wuce a ƙirga da hannu ɗaya, kuma da yake yawancin manyan En'e su ne manyan NPC, in ka tsaya takara da jam'iyya mai mulki to da mai ɗan doka kake takara. Mu nan ma bai kamata a ba mu labari ba, a Bauchi Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka fara ɗaga murya tun shekarun 1940, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa da kansa, wanda ba mai kiransa ɗan tawaye, ya miƙe a majalisar Arewa a 1950 ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Zaman ɗan doka ɗan gari, wannan ai shi ne amfaninsa. Ciwon yana can inda hannu ɗaya ke riƙe da kulki da alƙali da makullin gidan yari, in an zalunce ka duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa mai gida ɗaya ne zai leƙo.

Ƙananan ƙabilu su suka fi kowa tsoro. Da aka kusa 'yancin kai Turawa suka kafa kwamitin Willink ya zaga ƙasa yana jin kokensu, rahotonsa na 1958 ya ce a bar babbar runduna ɗaya a hannun tarayya kar gwamnatin yanki ta mallake ta ta danne marasa rinjaye. Aka bi shawarar rabi da rabi, tsarin mulkin 1960 da na 1963 ba su ba yankuna rundunar kansu ba amma sun bar wa En'e da ƙananan hukumomi nasu. Sai ga sojoji. Bayan juyin mulkin Janairun 1966 Ironsi ya kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gobir, kwamitin ya ce a haɗe, gwamnatin Gowon ta aiwatar, daga 1968 aka fara zuba 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya, zuwa farkon shekarun 1970 an gama. A tsakanin nan ne kuma aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e suka koma ƙarƙashin gwamnatin jiha, gidajen yari kuma suka koma tarayya. Ku riƙe wannan fa, ukun tare aka raba su, ba kulkin kaɗai aka karɓa ba.

Tsarin mulkin 1979 ya sa kwaɗo, na 1999 da muke kai ya kwafo shi. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce ga Najeriya kuma ba za a kafa wata ba, ko ta tarayya ko ta wani ɓangare nata. A jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, lamba 45 'yan sanda ne da sauran hukumomin tsaro, lamba 2 kuma makamai da harsasai. Amma inda abin ya fi ban dariya shi ne sashe na 215 ƙaramin sashe na 4. Ya ce gwamna na iya ba kwamishinan 'yan sandan jiharsa umarni kan tsaro kuma kwamishina zai bi, ka ji kamar an ba gwamna wuƙa da nama ko, sai aka liƙa wata 'yar jela a ƙarshe, wai amma kafin ya aiwatar kwamishina na iya neman a miƙa maganar ga shugaban ƙasa ko ministan da ya wakilta. An ba ka doki an riƙe linzami ke nan. Ba gwamna ke naɗa kwamishina ba, ba shi ke cire shi ba, sigina ɗaya daga Abuja ta isa a wayi gari an mai da shi wata jiha. Laƙabin nan na babban jami'in tsaron jiha da ake wa gwamnoni, a takardar jawabi kawai yake da nauyi.

Mun gani a Kano a Mayun 2024 lokacin rigimar sarauta, gwamna ya ba da umarni a kama Aminu Ado Bayero, 'yan sanda suka ce su umarnin kotu za su bi, ba a kama shi ba. Ko wane ɓangare kake a rigimar, ka dai ga inda linzamin yake. Masu cewa gwamnoni za su ci zarafin 'yan adawa da 'yan sanda kuma gaskiya suka faɗa, sai dai su ƙarasa maganar mana, da na tarayyar ma an yi. A Yulin 2003 'yan sanda ƙarƙashin wani mataimakin sufeto janar suka tsare Chris Ngige na Anambra aka ce wai ya yi murabus. Gwamna mai ci fa, mai rigar kariya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, yawancin dokokin laifi a ƙasar nan na jiha ne. Sata, kisa, fyaɗe, cin amana, a Arewa duk ƙarƙashin Pinal Kod suke wadda ta fara aiki a 1960, kowace jiha ta gaje ta tana gyara abinta, irin su Bauchi kuma suka ƙara da dokokin shari'ar Musulunci daga 2001. Majalisar jiha ke yin dokar, kwamishinan shari'a na jiha ke gurfanarwa, kotun jiha ke yanke hukunci, gwamnan ma shi ke sayen Hilux ɗin sintiri, amma mai kamun da binciken Abuja yake amsa wa. Su kuma wajen dubu 370 ne ga mutane sama da miliyan 200, kuma wani kaso mai tsoka sun daɗe suna riƙe wa manya jaka.

Bara aka ɗauke wa ƙanena mashin a ƙofar masallaci, sabo fil ko ledar sit bai cire ba. Muka je wani caji ofis, wanda muka tarar a kanta bawan Allah bai fi wata biyu da zuwa jihar ba, daga can kudu aka turo shi, ba Hausa ba Fillanci, sai da aka kira wani kurtu ya yi tafinta. Na ce masa yallaɓai muna zargin an bi da shi hanyar ƙauye kaza, ya ɗago ya ce ina ne nan. Wallahi ban ga laifinsa ba, ni ma a kai ni garinsu haka zan yi. Aka rubuta, aka ce motar sintiri ba mai, muka gane karatun. Wanda ya gano mashin ɗin bayan kwana huɗu wani ɗan banga ne tsohon maharbi, da ya ji kwatancen yaran kawai ya ce ya san su. Amma da aka kawo yaron da aka kama da shi fuska ta kumbura suntum, ido ɗaya ba ya buɗuwa, ƙanena na murna ni kuma jikina ya yi sanyi, don na san da kuskure aka yi ba shi ba ne, uwarsa ba ta da ofishin da za ta je ta kai ƙara.

Shi ya sa nake ganin 'yan sandan jiha sun riga sun zo, ta taga suka shigo tunda an kulle ƙofa. Kano ta yi dokar Hisba a 2003, a 2006 gwamnatin Obasanjo ta ce haramtacciya ce har ta kama shugabanninta, Kano ta garzaya kotun ƙoli, a 2007 kotun ta kori ƙarar cewa ba huruminta ba ne ta fara sauraro, ainihin tambayar ko jiha na da ikon kafa irin wannan ba a amsa ba. Janairun 2020 gwamnonin Yarbawa suka ƙaddamar da rundunar tsaro ta Amotekun, ministan shari'a Abubakar Malami ya ce ta saɓa wa tsarin mulki, aka yi ta cacar baki, daga ƙarshe jihohin suka je majalisunsu suka yi mata doka aka ci gaba da harka. Daga nan kowa ya gane dabarar, kar dai ka kira ta 'yan sanda. Katsina ta yi nata a 2023, Zamfara ta yi Askarawa a farkon 2024, mu nan ga GOSTEC, dakarun tsaro na jihar Gombe, ga mafarauta da 'yan banga da ake dogaro da su a dazukan Alkaleri da Ningi da Toro. Amma bindiga mai sarrafa kanta sai da lasisin shugaban ƙasa, gwamna Samuel Ortom ya nema wa dakarun Binuwai izinin AK-47 a 2022 bai samu ba. Wato muna tura mutum da harba-ka-ruga ya tari mai AK, in ya mutu iyalinsa sai abin da gwamna ya ga dama, in shi ya kashe wani bisa kuskure kuma kowa ya kau da kai.

Masu son misali da Amurka, can ma ba daga sama abin ya faɗo ba. Jihar Pensilbeniya da ake cewa ita ta fara 'yan sandan jiha irin na zamani a 1905, ta yi ne bayan yajin aikin masu haƙar kwal na 1902, kuma ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna kallon rundunar a matsayin sandar masu kuɗi. Abin da ke taka musu birki yau shi ne ɗan sandan jiha ya take maka haƙƙi kana iya maka shi a kotun tarayya.

Ni Kanada ta fi ba ni sha'awa, don maganar kuɗi ce. Tsarinsu na 1867 kishiyar namu ne, dokar laifi ta tarayya ce, aiwatar da ita kuma aikin lardi ne, kowane lardi na da ikon kafa 'yan sandansa. Kubek ta yi tun 1870, Ontariyo a 1909, wasu da dama ma suka bi. To amma Saskacewan ta rushe nata a 1928, Albata a 1932 lokacin karayar tattalin arziki, Biritish Kolambiya a 1950, suka koma suna hayar 'yan sandan tarayya, waɗannan masu jar riga da doki. Yau larduna 8 cikin 10 haya suke, lardi ya biya kashi 70 tarayya ta biya 30. Ƙasa mai arziki ke nan fa. Mu kuma a 2015 sai da Buhari ya ba jihohi tallafin ceto kafin da yawansu su iya biyan bashin albashi, kuma ko 'yan sandan tarayya sun taɓa yajin aiki a 2002 kan haƙƙoƙinsu. Malamin firamare in an riƙe masa albashin wata uku zai je ya ci bashin masara wurin mai shago. Wanda ke rataye da bindiga fa, ina zai je?

Indiya kuma ita ta fi kama da mu. 'Yan sanda a hannun jihohi suke tun tsarin mulkin 1950, manyan hafsoshi ne kawai tarayya ke ɗauka ta rarraba musu, duk da haka 'yan siyasa suka mai da taransifa bulala, ka ƙi yin abin da mai jiha ke so gobe ka tsinci kanka a wani lungu. Wani tsohon shugaban 'yan sanda, Prakash Singh, ya shigar da ƙara a 1996, sai 2006 kotun ƙoli ta yanke cewa shugaban 'yan sandan jiha ya samu aƙalla shekara 2 a kujera, a kafa hukumar da za ta shiga tsakanin gwamnati da runduna, a kafa wurin da jama'a za su kai koke. Jihohi da yawa wasan ɓuya suka yi ta yi da hukuncin.

Mu dawo gida. Gyaran a takarda ba wani tashin hankali ba ne, sashe na 9 ya ce kashi biyu bisa uku na majalisar dattawa da ta wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. An taɓa yin irinsa, a Maris ɗin 2023 Buhari ya sa hannu aka buɗe wa jihohi ƙofar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar 'yan sandan jiha, kwamitin APC na El-Rufa'i ya maimaita a 2018, a Fabrairun 2024 Tinubu da gwamnoni suka zauna suka ce a duba, kuma gwamnonin Arewa da a 2012 su ne kan gaba wajen ƙi, ƙarƙashin shugabancin namu gwamnan Inuwa Yahaya sun dawo su ke kira a gaggauta. 'Yan bindiga sun sauya wa kowa ra'ayi.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Majalisun jihohin nan kowa ya san a aljihun wa suke. A zagayen gyaran da ya ba jihohi jirgin ƙasa da lantarki, ƙudirin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi bai samu jihohi 24 ba, sai da kotun ƙoli ta shigo a Yulin 2024. Abin da zai ƙara wa gwamna iko sumul yake wucewa, wanda zai rage masa sai ya maƙale a maƙogwaro. Don haka in aka gyara 214 aka ce sauran bayani kowace majalisar jiha ta yi dokarta, to an gama, gwamna ne zai rubuta wa kansa doka. Ga misali a gabanmu, hukumomin zaɓe na jihohi, tsarin mulki masu zaman kansu ya kira su, amma yaushe rabonka da jin 'yan adawa sun ci ciyaman a zaɓen da suka shirya, kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ke lashe duka, PDP ce ko APC duk kanwar ja ce.

Mu a Gombe in an ce za a ɗauki dubban matasa a ba su kaki da bindiga, kalma ɗaya ke faɗowa ran kowa, Kalare. Mutanen Bauchi kuma Sara-suka. Mun san yadda 'yan siyasa suka reni yaran nan, mun san kuma yadda ake ɗaukar aiki, kowane babba da kasonsa, to wa zai hana jerin sunayen ya fito daga falon ciyaman ɗin jam'iyya? Ga kuma koken da Willink ya ji tun 1958, bai mutu ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Billiri a 2021 kan sarautar Mai Tangale, ko ya san tarihin rikice-rikicen Tafawa Ɓalewa da Bogoro, ya san akwai ranar da jama'a ba za su saurari rundunar da suke ganin ta ɓangare ɗaya ce ba ko da adalci ta zo yi, in ba ta ƙunshi Tangale da Waja da Tera da Bolawa da Fulani da Hausawa ba, Musulmi da Kirista, tun daga kurtu har sama, wata rana zuwanta ma shi zai ƙara wa wutar fetur. Sai iyaka. Gombe na maƙwabtaka da jihohi 5, ɓarawon shanu ya tsallaka daga Dukku ya faɗa ƙasar Bauchi, ɗan sandan Gombe zai tsaya bakin iyaka ne yana ɗaga masa hannu? In kaki biyu suka haɗu a shingen hanya ɗaya kuma wa ke gaba?

Duk da haka ban sauka ba, don wanda ke kwana da ido ɗaya a ƙauyen Alkaleri ba zai yi ta jiran a turo masa mutumin da bai san hanyar garin ba. Abin da nake so a rubuta takunkumin cikin tsarin mulkin kansa, a ƙudiri ɗaya da ba da ikon, yadda majalisun jihohi ba za su lashe zuma su tofar da maɗaci ba. Kwamishina ya samu wa'adi tsayayye wanda gwamna shi kaɗai ba zai iya yankewa ba. Albashi a cire shi tun daga asusun tarayya kafin kuɗin ya shiga hannun jiha, jihar da ba za ta iya ba kuma ta yi haya irin na Kanada, ba abin kunya ba ne. Ranar zaɓe su zauna a bariki. Wanda ya fi damuna dai shi ne wurin kai ƙara, ofishin da ba gwamna ya zuba mutanensa ba, wanda uwar yaron nan mai kumburarren ido za ta shiga da silifas ɗinta a saurare ta. Tarayya kuma ta samu ikon karɓe rundunar da ta rikiɗe ta zama ta 'yan daba, amma sai da amincewar majalisar dattawa, kar shi ma shugaban ƙasa ya samu sandar dukan gwamnonin adawa.

Na koma na zayyana wa Bappa duk wannan, har da Kanada da Indiya, yana jan carbi yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce "to alƙalan fa, na wa ne yanzu?" Na ce Bappa manyan alƙalai sai hukumar shari'a ta ƙasa ta ba da suna kafin gwamna ya naɗa, amma majistare da alƙalan kotunan shari'a hukumar jiha ce ke ɗaukarsu. Ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Ya ce "gidan yari fa?" Na ce tun 2023 jiha na iya gina nata. Ya lanƙwasa na biyu, ya kama na ukun ya riƙe yana kallona. Aka kira magariba, ya ce in miƙo masa butarsa.